Kwana biyu a Jidda da riyal 700, ni da Hajiya

Ranar Laraba da hantsi, bayan mun dawo daga ɗawafin bankwana, na zauna a bakin gado a masaukinmu na Misfala na zazzage 'yar jakar da nake ratayawa a wuya. Riyal 700 cif. Kwanakin da muka biya na otal a Makka sun ƙare a ranar, jirginmu kuma ba zai tashi daga Jidda ba sai daren Juma'a. Kwana biyu ke nan a tsakani, ni da mahaifiyata, wadda ta haura shekara 65, ga ciwon gwiwa.

Zuwana na uku ke nan ƙasa mai tsarki, amma da za a tambaye ni abin da na sani a Jidda, ba zai wuce filin jirgi da kasuwar Bab Sharif ba. Haka yawancinmu muke yi wa garin. A sauka, a shiga mota sai Makka ko Madina. In an tashi komawa a tsaya a sayi bargo da abaya da agogo, a ɗaure kaya, a tafi. Wannan karon Hajiya ta ce tana so ta ga teku da idonta, ta kuma ga ƙanwar marigayi mahaifinmu da ke zaune a can tun ina goye. Tun 2022 aka sassauta wa masu bizar Umara, mutum na iya zagawa cikin ƙasar, don haka ba abin da ya rage sai lissafi.

Na kira Gwaggo da niyyar mu sauka a gidanta. Bayan doguwar gaisuwa sai ta ce, "Ɗana, gidana ba ya ƙin baƙo, balle Yaya. Amma in garin kuke son gani, kada ku kwana a wurina. Abin da kuka tsira da shi na ɗaki, mota za ta cinye har ta nemi ƙari." Fiye da shekara talatin ta yi a unguwar Sabil, inda mutum zai taka da ƙafa ya shiga tsohon gari. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba da shi a 2022 ya haɗa da Sabil da Kandara da Gulail da Karantina da wasu unguwanni masu yawa, kuma nan ne akasarin mutanenmu suke. Yanzu tana can gefen gari, nesa da komai. Ta ce mu nemi shugga, wato ɗakin haya, kusa da Balad, tsohon garin Jidda, ranar Juma'a mu zo mu ci tuwo. Ɗanta, taubashina, zai riƙa zuwa mana in ya tashi daga aiki.

Kafin mu fita daga ɗakin Hajiya ta miƙo hannu ta ce in ba ta riyal 80. Ta ƙulle a gefen mayafinta ta ce wannan na motar filin jirgi ne da zamzam, ko da yunwa za mu kwana ba za a kwance shi ba.

Akwai jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, wanda cikin kamar rabin awa yake kai mutum Jidda. Na so Hajiya ta shiga. Amma da na haɗa kuɗin tikiti biyu da motar da za ta kai mu tashar Rusaifa, da wadda za ta ɗauke mu daga tashar Sulaimaniya, ga akwatuna, sai na haƙura. Muka bi motocin haɗaka, waɗanda direbobinsu ke tsayawa suna kiran "Jidda, Jidda, nafar wahid," wato saura mutum ɗaya. Riyal 25 kowane mutum. Mun jira kusan minti ashirin kafin ta cika. Muka wuce ta ƙarƙashin ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani buɗe a kan mazauninsa, muka wuce Shumaisi, inda aka ƙulla sulhun Hudaibiyya, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci aka sauke mu a Bab Makka. Ina buɗe ƙofar mota na ji iskar ta bambanta. Zafin Makka busasshe ne, na Jidda kuwa jiƙaƙƙe, yana manne wa mutum a jiki kamar rigar da ba ta bushe ba.

Shugga mafrusha ita ce ɗaki ko ɓangaren gida mai kayan ɗaki da ake bayarwa haya na kwana. Taubashina ya faɗa mini a waya da Hausarsa mai gauraye da Larabci: "Yaya, kada ka ba da fulus sai ka ga ɗakin. Ka kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ka buɗe famfo, ka tambaya ko akwai lifta." Na zaunar da Hajiya da kaya a inuwar wani masallaci a unguwar Bagdadiya, na shiga nema. Na farko hawa na uku ne kuma babu lifta. Na biyu warin taba ya kama labule da katifa. Na uku ya yi: gado biyu, firji, ɗan murhun lantarki da butar dafa shayi. Mai karɓar baƙi ya ce 130 daren Laraba, 160 daren Alhamis, domin tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, daren Alhamis kuwa gari cika yake. Na ce kwana biyu zan biya yanzu a hannu. Muka daidaita a 260. Ya ɗauki hoton fasfo ɗinmu ya ba ni makulli. Firjin nan da butar shayin sun rage mana kashe kuɗi fiye da yadda na zata. A bagala, wato ɗan kantin da ke ƙasan benen, na sayi manyan gorunan ruwa da ganyen shayi da sukari da 'yar madara, duka riyal 12.

Ba mu fita ba sai bayan La'asar. Wanda ya shiga Balad da rana tsaka zai tarar da shaguna a rufe da kyanwoyi kwance a inuwa. Sai rana ta yi sanyi garin yake farkawa, ya kai har tsakar dare.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. Lunguna ne matsattsu irin na cikin birnin Kano, sai dai gidajen hawa huɗu ne, biyar, har shida, sun jingina da juna kamar tsofaffin da suka gaji da tsayuwa. Na kai hannu na shafa wani bango inda farin shafen ya ɓare. Dutsen ba irin namu ba ne, duk ƙofofi ne ƙanana, har da ɓawon dodon koɗi a ciki. Murjani ne da aka sassaƙo daga bakin teku. Da yake dutsen ba shi da ƙarfi sosai, magina sukan shimfiɗa katako a kwance cikin bango bayan kowane 'yan layuka, don ya raba nauyin ginin, kana tsaye kana ganin layin katakon ya zagaye gidan. Sai kuma tagogin da suke kira rawashin, manyan akwatunan katako da suka turo kai waje daga jikin bango, an sassaƙa su da ƙananan ramuka, wasu kore, wasu shuɗi, wasu launin katakon kawai. Hajiya ta daɗe tana kallon wata, sannan ta ce, "Ka ga hikima. Matar gida tana zaune tana shan iska, tana ganin mai wucewa, shi ba ya ganinta. Asabari ne, amma na masu hali." Gaskiya ta faɗa. Har randunan ruwa ake ajiyewa a cikinsu don iskar da ke ratsawa ta sanyaya su.

Tun shekara ta 26 bayan Hijira, zamanin Sayyidina Usman ɗan Affan, aka mayar da Jidda tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. Duk dukiyar da ta gina waɗannan gidaje daga nan ta fito, daga fatauci da hidimar alhazai. Ganuwa ce ta kewaye garin har 1947 da aka rushe ta, sunayen ƙofofin suka saura: Bab Makka, Bab Sharif, Bab Jadid. A 2014 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ana ta gyara. Za ka ga gida an gama shi fes, na kusa da shi an tokare shi da ƙarafa kada ya faɗi. Ba a karɓar ko sisi don shiga unguwar.

Muka bi ta kasuwar Alawi a hankali saboda gwiwar Hajiya, ƙamshin luban da turaren wuta da kanumfari da citta yana ta dukan hanci, har muka ɓulla wani ɗan fili. Kafin in ce komai Hajiya ta ɗaga kai ta ce, "Ikon Allah, darbejiya!" Ita ce kuwa, tsohuwa, mai kauri, a ƙofar gidan Nassif. An gina gidan tsakanin 1872 da 1881, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. Ana cewa akwai lokacin da ita kaɗai ce bishiya a garin, har mai aiko da wasiƙa yakan rubuta "gidan da ke da bishiya" kuma ta iso. Matakalar gidan ma an yi ta da faɗi da sauƙin hawa yadda raƙumi zai iya kai kaya sama. Mun tarar da ƙofar a rufe a ranar, sai muka zauna a dakalin da ke ƙarƙashin bishiyar. Abin da ke ƙofar kowane gida a unguwarmu, wanda yara ke karya reshensa a yi asuwaki, shi ne a nan ake zuwa kallo. Muna zaune wata mata mai sayar da gyaɗa da 'yan kunne a kan tabarma ta ji muna magana, ta ce, "Sannunku da zuwa, Hajiya. Daga ina?" A Makka aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarta tas, har da karin harshen Sakkwato na kakanninta.

Batun abinci, ƙa'idar da taubashina ya ba ni ita na bi har muka bar garin: in duba inda leburori da direbobi suke layi, 'yan Yaman da Bangaladash da Pakistan, in shiga nan. Inda aka kunna fitilu masu launi aka jera kujeru don baƙi, in wuce. Kalma biyu kuma ya ce in riƙe, mahalli da safari, wato a nan za ka ci ko ƙunshe maka za a yi. Wannan ya yi mini amfani, domin ko da yake tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar maza da ta iyali, ƙananan wuraren nan masu araha yawancinsu maza ne zalla a ciki, Hajiya ba za ta sake ba. Kusan duk abincinmu safari muka yi.

A daren farko mutabbak muka ci. Na tsaya ina kallon mai yin, Bayamane, yana wurga ƙullin fulawa a kan faranti har ya zama siriri kamar takarda, ya zuba ƙwai da niƙaƙƙen nama da ganyen albasa, ya naɗe shi kusurwa huɗu, ya soya a kan faffaɗan ƙarfe, ya yayyanka, ya haɗo da lemon tsami da barkono ɗanye. Guda biyu, da kofi biyu na balila, wani dafaffen wake mai kama da gurjiya da ake zuba wa ruwan tsami da yaji, duka riyal 24. Mun ƙoshi har Hajiya ta rage.

Da safe na sauka neman ful da tamis. Ba sai an yi maka kwatance ba, layi za ka gani a ƙofar tanderu. Tamis burodi ne mai faɗi kamar faifai, ana manna shi a jikin tanderu a ciro shi da ƙugiya, riyal ɗaya. Ful kuma wake ne da ya kwana yana dahuwa a cikin wata tukunya mai dogon wuya, a kwaso da doguwar ludayi, a dama, a zuba mai da tumatir da yaji. Tamis uku, ful na mutum biyu da dafaffen ƙwai, riyal 11. Na haɗa shayi a ɗaki. Wannan karin kumallo yana riƙe ciki har Azahar ta wuce.

A nan ne na yi kuskuren da har yanzu yake damuna. Hajiya ta ji labarin masallacin da ke kan ruwa, Masjidur Rahma, ta ce tana so ta yi salla a ciki. Maimakon in jira yamma, sai na ga ai muna da safiya a banza. Ban duba nisa ba. Jidda gari ne da ya miƙe a bakin teku daga kudu zuwa arewa, Balad na can ƙasa, masallacin na can sama, tafiyar fiye da kilomita ashirin. Na kira mota ta waya, riyal 40. Masallacin ya kai a je. An gina shi a 1985 a kan ginshiƙai cikin teku, fari fat, in ruwa ya cika sai ka ga kamar yana shawagi, kana sahu kana jin igiyar ruwa na dukan ƙasan ginin. Mun yi Azahar a nan. Amma da muka fito rana ta take, babu inuwa, datar wayata kuma ta ƙare. Muka tsaya a bakin titi kusan rabin awa. Na ga Hajiya ta dafa ƙarfen fitila, gumi ya jiƙa mata mayafi, ta ce jiri take ji. Tasin da ya fara tsayawa na buɗe mata kawai muka shiga, ban tambayi kuɗi ba, ban ce ya kunna mita ba. Da muka iso ya ce 70. Da ƙyar muka rabu a 55.

Riyal 95 ke nan a fita ɗaya, kusan abin da muka ci a kwana biyu. Kuɗin bai dame ni kamar yadda na wahalar da tsohuwa ba. Da na yi haƙuri zuwa yamma, da taubashina ya kai mu a motarsa, tunda duk bakin teku ɗaya ne da inda za mu je da dare. Akwai bas na gari da kuɗinsa bai kai riyal 4 ba, kuma ga matashi mai ƙafa shi ne mafita, amma tashoshinsa da nisa tsakani, ba na mai ciwon gwiwa ba ne a watan Oktoba.

Na bar Hajiya ta kwanta a sanyin ɗaki na fita neman abincin rana. A gidan shinkafar bukhari ba a dogon bayani, ka ce "nus habba shawwaya, safari," a ba ka rabin gasasshiyar kaza a kan tulin shinkafa mai karas, da ɗan ƙullin dakus, miyar ɗanyen tumatir da barkono da tafarnuwa. Da laban biyu, wato nono mai sanyi, riyal 27. Abin da suke kira na mutum ɗaya ya ishe mu mu biyu har muka sa saura a firji. Duk wanda zai je da iyali ya riƙe wannan: a fara sayen ɗaya a gani kafin a ƙara.

Bayan Magariba taubashina ya iso. "Yalla, Yaya, sayyara na ƙasa. Umma, sannu da jiki, an ce rana ta taɓa ki." Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sumbaci goshinta irin na mutanen can. A hanya ya ce sai mun ci siriya. Na ce mece ce siriya? Ya yi dariya ya ce in bari in gani. Ya tsaya a wani ɗan shago, hayaƙi na tashi, ƙamshin ya riga ya ba ni amsa tun kafin in sauka. Tsire ne. Tsirenmu, da garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, a naɗe a takarda. Sunan ne ya lanƙwashe a bakin Larabawa. Mutanenmu da suka zauna a Makka da Jidda suka kawo shi, yanzu ya zama abincin Hijaz, Larabawa na layi a kansa da manyan motoci. Mai yankawa dattijo ne, da na yi masa sallama da Hausa ya ɗago ya ce, "Baƙo ne daga gida?" ya ƙara mana yanka biyu a kan na riyal 20 da na saya. Da ɗan gari akan ci gari. Ni kaɗai da na shekara ina wuce shagon nan ban san abin da ke ciki ba.

Muka tafi bakin teku ta wajen Hamra, ƙarshen titin Falasɗinu. Nan ma ba a biyan komai. Iyalai ne birjik a kan ciyawa da dakali, kowa da dardumarsa da fulas ɗin shayi, yara na gudu da kekuna. Mu ma muka shimfiɗa tamu, na fito da shayin da na dafo a ɗaki. A gabanmu maɓulɓular Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1985, tana harba ruwan teku sama har mita 312, babu wadda ta kai ta tsawo a duniya. Fitilu sun haske ta, iska na kwashe saman ruwan tana baza shi gefe kamar farin mayafi. Akwai wuraren kallo na kuɗi a garin, gidan kifaye da gidan tarihin Tayyibat, amma kuɗin shigar mutum biyu ya fi abincinmu na yini, ban kuma ji mun yi rashi ba.

Hajiya ba maɓulɓular take kallo ba. Duhun da ke bayanta take kallo. Can ta ce wa taubashina, "Sudan tana ta can?" Ya ce eh, Umma, Port Sudan na tsallake, kusan kilomita 300. Ya ce a 2023 da yaƙi ya ɓarke a can, da idonsa ya ga jiragen ruwa suna shigowa da mutanen da aka kwaso.

Sai ta fara ba mu labarin kakanmu, surukinta, wanda ni ban riske shi ba. Ta ce tana amarya yakan zauna a zaure bayan Isha'i ya ba da labarin hajjinsa ta ƙasa. Shekara bakwai tsakanin fitarsa da dawowarsa. Daga Kano zuwa Maiduguri, zuwa Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, zuwa Abeche, ya shiga Sudan ta Junaina, ya bi Fashir da Ubayyid. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi aiki. Ya yi damina biyu yana tsintar auduga a gonakin Jazira, ya zauna a Mai Wurno cikin jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga Sawakin suka shiga jirgin ruwa na katako, cunkushe, wasu ba su ƙetare da rai ba. Da suka sauka a Jidda aka tsare su a wurin keɓe alhazai saboda annoba, kuma daga wannan keɓewar unguwar Karantina ta samo sunanta. Ta ce yakan ce ranar da ya hango fararen gidajen Jidda daga cikin ruwa ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar mahaifinsa.

Fararen gidajen nan su ne waɗanda na shafa bangonsu jiya. Sau biyu ina ratsa garin nan ina cinikin bargo, ban taɓa sanin ta ƙofar da kakana ya shigo nake wucewa ba. Taubashina, wanda shi ma jikansa ne, bai taɓa jin labarin ba sai a daren. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Umma, ki sake faɗa mini sunayen garuruwan," ya rubuta su a wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, tsiren ya huce, shayin ya ƙare.

Ranar Juma'a da safe kusan komai a rufe yake har a sauko daga masallaci, amma kasuwar kifi da suke kira Bangala, kusa da tashar jiragen ruwa, tun asuba take ci. Ba na so mu shiga gidan Gwaggo hannu rabbana. Na je ni kaɗai, wannan karon sai da na yi ciniki kafin in shiga mota, zuwa da dawowa riyal 25. Kifaye ne irin waɗanda ban taɓa gani ba, ja da shuɗi da kore, a jere kan ƙanƙara. Najil shi ne sarki, kuɗinsa ma na sarauta ne. Na zagaya sau biyu ina sauraron abin da 'yan gari ke biya kafin in buɗe baki, sannan na sayi sha'ur na riyal 45. A gefe guda akwai masu gyarawa, ka miƙa, a kankare a yanka a wanke, riyal 5. A hanyar dawowa na sayo ma'asub, burodi da ayaba da aka kirɓa tare aka zuba zuma da kirim, kwano ɗaya riyal 12, muka raba da Hajiya.

Taubashina ba ya aiki ranar Juma'a, ya zo da wuri muka sa kaya a mota muka mayar da makulli. Hajiya ta roƙa a bi da ita ta maƙabartar da ake kira ta Nana Hauwa'u, a gefen Balad. Magana ce ta baka da aka gada, har wasu na cewa daga nan sunan garin ya fito, jadda, wato kaka. Ƙubbar da ke wurin an rushe ta tun 1928, yanzu katanga ce da ƙofa da kaburbura marasa alama. Ta tsaya daga waje ta yi wa mamata addu'a, ta ce ko ba komai akwai alhazan ƙasarmu da yawa kwance a garin nan da ba su koma gida ba. Muka yi Juma'a a masallacin Shafi'i da ke unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a Balad, wanda ake danganta hasumiyarsa da ƙarni na 7 na Hijira. A je da wuri, domin ba shi da girma kuma 'yan kasuwa na cika shi.

Tafiyar gidan Gwaggo ta ɗauke mu kusan minti arba'in a mota, a nan na gane abin da take nufi. A hanya na yi lissafi a bayan takardar shugga. Abincinmu duka, har da ruwa da shayi, riyal 106. Motocin cikin gari, duk da cewa sau biyu kyauta aka ɗauke mu, riyal 135.

Gwaggo da Hajiya suka rungume juna a bakin ƙofa suna kuka, rabonsu da juna tun kafin rasuwar mahaifinmu. Hajiya ta buɗe akwati ta fito da ƙullin da ta yi ta ɓoyo tun daga gida: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin ƙuli. Gwaggo ta buɗe ledar daddawar ta kai hanci ta rufe ido. Ba a jima ba aka sauke tuwon shinkafa da miyar kuka, aka soya kifin, 'ya'yanta mata suka yi shinkafar sayadiya mai launin ƙasa da soyayyiyar albasa irin ta mutanen bakin teku. Muka zauna a ƙasa, faranti ɗaya na Kano, ɗaya na Jidda. Tana ci tana lissafa maƙwabtanta na Sabil, wance ta koma Makka, wance na Bahra, wance ta tattara ta koma Nijar bayan shekara arba'in, wance ba ta san inda take ba. Ta ce da can in ta yi tuwo sai ta aika gida bakwai, yanzu ba ta san sunan wanda ke ƙofar da ke kallon tata ba.

Da Magariba ta gabato taubashina ya ce shi zai kai mu filin jirgi, na kawo maganar kuɗin mai ya ɓata rai. Hajiya ta kwance ƙullin mayafinta. Tunda motar ta zo kyauta, ta ce a cire na zamzam, galan biyu masu lita biyar da ake saya a filin jirgi, sauran a saya wa jikoki kazar Albaik, don tun kafin mu taso suke aiko da saƙo. A Jidda aka fara ta a 1974, kuma duk wanda ya taɓa shiga jirgin Kano daga nan ya san ƙamshin tafarnuwarta. Muka tsaya a hanya, layi har waje, na sayi ƙunshi uku. Riyal 19 ta rage a jakar wuyana.

Gwaggo ta rako mu har bakin mota da kwanon dabino. Ta riƙe hannun Hajiya ta taga ta ce, "Yaya, in Allah ya sake kawo ku, daddawar ta fi kukar saurin ƙarewa. A ninka mini ita, kuma ta kalwa, ba ta waken suya ba."